Abin da Tete Ta Goge

Kwekwe, 3 ga Oktoba, 1994

Sisi Yeukai,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya Francistown, yaya aikin asibiti, yaya ƙafar nan taki da ke kumbura in kin daɗe a tsaye? Ni jikina lafiya. Zafi ne kawai ya ishe mu, ruwa ya ƙi sauka, yara a aji sai gyangyaɗi.

Takardar makarantar da kika nema min aiki a can Botswana ta iso. Sun ce in cika in sa a gidan waya kafin Nuwamba ya ƙare, in ba haka ba su ba wani. Na ɓoye ta a cikin rajistar aji, ban yarda in kai ta gida ba.

Kin tambaya ko akwai sauyi. Babu, Sisi. Wata goma sha ɗaya ke nan mijina Takura bai ci abincina ba, tun ɓarin da na yi. In tuƙa sadza, tuwonmu na masara, in rufe, in ajiye masa, da safe in kwashe in ba kajin maƙwabta. Bai zage ni ba, bai ɗaga min hannu ba. Da ma zagin ne, da na san abin da zan kai ƙara. In yana son wani abu sai ya rubuta a 'yar takarda ya ɗora a kan firji. A wurinsa ni na jawo, don na ƙi barin aiki da ciki.

Na san za ki ce in tattara in taho. Ba zan iya ba sai Tete Shuvai ta ji. Ita ce ƙanwar Baba, ita ta zaunar da ni a tabarma kafin aure, ita ta raka ni gidan nan. Kin san sunan da ake ba macen da ta bar gidan miji ba da sanin tetenta ba a ƙauyenmu Marimbe. Ni kuwa ba ni da ƙarfin rasa miji da dangi a shekara ɗaya.

To amma ta yaya zan gaya mata? Ba a ba ni hutu sai Disamba. Wasiƙa kuwa, kin san halinta: duk wadda ta zo daga birni sai ta buɗe ta a taron Alhamis na matan coci, ta karanta musu da ƙarfi don alfahari. Amai Takura, uwar mijina, tana zama a bencin gaba.

Ga dabarar da na yi. Na sayi wani littafi, "Ranar da Injin Niƙa Ya Yi Shiru". Labarin ƙauye ne irin wanda take so: an tsinci gawar Jairos mai injin niƙa a ranar da matarsa Esnath ta ɗaure kayanta ta tafi, bayan shekara biyu ba sa magana, sai wata tsohuwar tela ta shiga bincike. Na rubuta komai nawa da fensir a gefen shafukan da Esnath take ciki. Shekara talatin Tete tana riƙe da ɗakin karatu na mishan, kuma babu littafin da ke isa hannun kowa sai ta bi shi shafi-shafi da magogin fensir. Ke nan dole ta gani, kuma da hannunta za ta share kafin wani ya gani. A shafin ƙarshe na rubuta: "Tete, in tafi ko in zauna? Abin da kika ce shi zan yi."

Yau na sa shi a waya. Ki yi min alkawari ba za ki rubuta mata komai ba.

Ƙanwarki,
Netsai

*

Marimbe, 28 ga Oktoba, 1994

Netsai 'yata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya, sai gwiwata da ba ta jin magana. An yi yayyafi ranar Lahadi, masu gaggawa sun shuka masara, za su yi kuka. Akuyar nan mai ƙaho ɗaya ta haifi biyu. Ki gaida surukina Takura, ki ce ya yi ƙiba ko har yanzu?

Littafi ya iso, na gode. Amma bari in fara da faɗa. Kafin in ba kowa sai da na bi shi da magogi, na share fensir ɗin da ke ciki tas, har yatsana ya yi ciwo. Masu ɓata littafi ba su da kunya. Abin da ke cikin mutum ya riƙe shi a cikinsa mana, dole sai an zuba a takarda?

Alhamis uku na yi ina karanta musu a gindin bishiyar mangwaro, kuma tun da na fara wannan aiki ban ga littafin da ya tada ƙura haka ba. Amai Rumbi tun babi na biyu ta rantse matar ce. "Ku bar ni da ita, macen da ta wanke tukwane tas kafin ta tafi, akwai abin da take ɓoyewa." Da aka gano mai kaɗa ƙararrawar coci ne ya yi kisan saboda iyakar gona, sai ta ce ai da ma ta sani. Muka yi mata ihu. Amai Farisai kuwa haushin marubucin take ji, wai shan shayi ya yi yawa, kowane shafi tsohuwar telar nan tana gidan wani tana cin biskit, ga gawa a kwance. Na ce mata haka ake bincike a ƙauye, wa zai gaya maka gaskiya ba ka zauna ka sha shayinsa ba?

Amma babbar gardama a kan Esnath aka yi. Mu goma sha biyu ne, goma sha ɗaya muka tsaya a kan magana ɗaya: ba ita ta kashe shi ba, amma ba ta kyauta ba. Mutumin bai dake ta ba, bai hana ta ci ba, bai kawo wata ba. Shiru kawai! Shiru yana kisa ne? Da ta zauna, da akwai wanda zai ji ihunsa ranar. Ni na faɗa musu, kuma ke ma ina gaya miki: da Esnath 'yar ɗan'uwana ce, da na ce ta kwance kayan nan ta koma ta hura wuta. Aure ba bas ba ne da za ka sauka don kujera ta yi maka tauri.

Surukarki ce kaɗai ba ta sa baki ba. Da na matsa mata sai ta ce, "Wanda ya rubuta wannan ya taɓa zama a gidan da ba a magana." Daga nan ta roƙi in ba ta littafin ta tafi da shi gida, wai karatuna ya yi mata sauri. Ita da take bin layi da yatsa, sai Kirsimeti za ta gama.

Ki turo mana wani, amma mai tsabta.

Tetenki,
Shuvai

*

Kwekwe, 4 ga Nuwamba, 1994

Sisi,

Da fatan kina lafiya. Ni ina nan. Kaina ne ke ciwo kwana uku, ba wani abu ba.

Amsar Tete ta zo. Na kwafe miki ita a bayan wannan takarda, ki karanta da idonki. Ta gani, ta share, har yatsanta ya yi ciwo. Ta ce marasa kunya ne masu zuba cikinsu a takarda. Ta ce da 'yar ɗan'uwanta ce, da ta koma ta hura wuta. 'Yar ɗan'uwanta nawa ne masu aure, Sisi? Ke ba ki yi ba. Ni kaɗai ce.

A ɗakin malamai na karanta. Na kai wurin maganar bas ɗin nan sai na tashi na shiga bayi na tsaya har aka kaɗa ƙararrawa. Ba hukuncin ne ya fi yi min ciwo ba. Na rubuta mata yadda na kwana biyu a asibiti bai leƙo ba. Na rubuta mata sunan da na so in sa wa yaron. Ta share wannan duka, sannan ta zauna tana ba ni labarin akuya.

Na ce abin da ta ce shi zan yi, kuma ba zan janye ba. Zan rubuta wa makarantar in ce na gode. Ki yi haƙuri da wahalar da kika sha a kaina.

Jiya ya bar takarda a kan firji: "Kwan fitilar baranda ya mutu." Na saya na sa.

Netsai

*

Kwekwe, 5 ga Nuwamba, 1994

Tete,

Ina gaishe ki da ladabi. Allah ya sauƙaƙa gwiwa. Muna lafiya.

Na ga wasiƙarki, na ji ra'ayinku a kan Esnath. Na fahimta. Ba zan sake ɓata miki littafi ba, ba zan sake damunki ba. Bana ba zan zo Kirsimeti ba. Ki gaida Amai Takura da sauran mata.

Netsai

*

Francistown, 12 ga Nuwamba, 1994

Netsai,

Lafiyata ƙalau, ƙafa ta saɓe, bar wannan.

Kada ki kuskura ki mayar da takardar nan! Kina ji na? Sau uku na je ofishin mutanen nan da kayan aiki a jikina kafin su saurare ni.

Na karanta abin da kika kwafo har sau huɗu, kuma akwai abin da ya tsaya min. Kin tabbata ta karanta? Ni na girme ki, na fi ki zama a ɗakin karatun nan. Na tuna Tete da magogi a hannu, tana gogewa tana faɗa da mai shara, idonta a ƙofa. Ban taɓa ganin ta tsaya ta duba abin da take sharewa ba. Tete tana da baki, amma matar da ta yi kwana huɗu ba ta ci abinci ba da Baba ya rasu ba za ta karanta sunan yaronki ta wuce zuwa akuya ba.

Na yi miki alkawari, kuma ko na karya, wasiƙata ma a gindin mangwaro za a karanta ta. Don haka hannuna a ɗaure yake, kuma haushin hakan kamar ya kashe ni. Ki jira har ranar ƙarshe, abin da nake roƙo ke nan. Ki ba ni amsa, kada ki yi min shiru, shirun gidanku ya isa.

Yeukai

*

Marimbe, 22 ga Nuwamba, 1994

Netsai, 'yar ɗan'uwana,

Ban san ta inda zan gaishe ki ba. Lafiyata ba ta da amfani yau. Wannan wasiƙa ba a gindin mangwaro na rubuta ta ba, kuma babu wanda zai ji ta.

Da 'yar guntuwar wasiƙarki ta zo na yi fushi. Na ce yarinyar nan birni ya shiga kanta, layi huɗu ga tetenta? Ban ma karanta wa mata ba, don kunya. "Ba zan sake ɓata miki littafi ba." Na yi ta juya wannan, na ce wane littafi ta ɓata min? Ni a zatona na hannu kika saya a kasuwa, da zanen wani ɗan makaranta a ciki.

Jiya da safe ina jera littattafai sai ga Amai Takura. Ta shigo ta mayar da ƙofa ta sa sakata, abin da ba a taɓa yi ba a ɗakin nan. Ta ajiye littafin ta ce, "Tete, kawo yatsanki." Ta ɗora shi a gefen shafi. Kin danna fensir da ƙarfi, 'yata. Baƙin ya tafi, amma sawun yana nan a jikin takarda. Ita da take bin layi da yatsa ta ji shi, ta kai shafin wurin taga ta karkata shi a rana, sai ta ga sunan ɗanta.

Ni da na yi shekara talatin ina korar yara a kan fensir, ni na kwantar da bakin fensir na shafa a gefen shafuka ashirin da bakwai har rubutunki ya fito fari a cikin baƙi. Muka karanta tare. Da muka kai sunan yaron sai na zauna a ƙasa.

Ban karanta ba, Netsai. Na rantse da kabarin babanki. Ban taɓa karanta abin da nake gogewa ba, ina ganin toka-toka ne kawai hannuna ya bi. Kin kawo min kukanki yadda ya kamata, ni kuma na share shi na hure ƙurar, na aiko miki da ra'ayin mata goma sha ɗaya a kan macen da ba ta taɓa rayuwa ba. Na yi ta baki a kan shiru, ni da mijina har ya mutu bai iya rufe baki ba. Me na sani?

Na ji tsoron abin da surukarki za ta ce, don ɗanta ne. Sai ta ce, "Ubansa ya yi min shirun shekara uku, bayan na binne 'yata ta biyu. Na zauna. Kuka yaba min, kuka sa ni a bencin gaba. Har yau ban yafe muku ba." Shekara arba'in ina zama kusa da matar nan, ban sani ba.

Kin tambaye ni ki tafi ko ki zauna. Ba zan amsa a takarda ba, na ga abin da takarda ta yi mana. Amma kada ki mayar wa mutanen Botswana komai. Ranar Juma'a za mu hau bas ɗin asuba, ni da ita. Ina roƙon Allah kada ki riga mu.

Tetenki mai laifi,
Shuvai

*

Kwekwe, 28 ga Nuwamba, 1994

Sisi Yeukai,

Ina gaishe ki. Ina lafiya, kuma wannan karon da gaske nake. Ki yafe shirun da na yi miki. Kin yi gaskiya, ba ta karanta ba.

Wasiƙar Tete sai yau ta iso, kwana uku bayan mai ita. Don haka ranar Juma'a ban san komai ba. Na riga na rubuta wa makarantar cewa ba zan zo ba, na liƙe ambulan, na ce in na tashi daga aiki zan biya gidan waya. Na fito ƙofar makaranta sai na ga tsofaffi biyu zaune a kan dakali da jaka da kaza a ɗaure. Na zaci mutuwa aka yi. Tete ta miƙe da gwiwar nan tata, a gaban yara da malamai, ta durƙusa tana tafa hannu. Tete, Sisi! Na ce ta tashi don Allah, ta ce sai na ce na ji.

Muka je gida. Suka shimfiɗa tabarma a falo, suka ce in faɗa da bakina. Na faɗa, babu wadda ta katse ni. Amai Takura ta tashi ta je wurin firji, ta tattara 'yan takardun nan, ta karanta ɗaya bayan ɗaya da yatsanta. Sannan ta ce, "Tuƙa mana sadza, 'yata, tun asuba ba mu ci ba."

Muna ci ya shigo. Ya ga uwarsa da hannu a cikin kwanon da nake rufe masa. Ya gaishe ta, ya gaida Tete, ni ya tsallake ni. Uwarsa ba ta ɗaga murya ba. Ta tura masa ruwan wanke hannu ta ce, "Zauna ka ci. In ba za ka ci ba, ka faɗa a gabanmu, a ba ta hanya." Ya tsaya yana kallon ruwan. Wallahi, Sisi, zuciyata ta so ya zauna. Duk da komai, na so. Bakinsa ya motsa, na ga ya motsa. Sai ya ajiye jakarsa ya juya ya fita, ya ja ƙofa a hankali yadda ya saba.

Amai Takura ce ta yi kuka, ba ni ba. Ta ce za ta zauna da shi har sabuwar shekara, ko ita za ta iya buɗe bakinsa. Ta ce in ya buɗe, Francistown ba bayan duniya ba ce, ya san hanyar tasha.

Tete ta ce in kawo ambulan ɗin. Ta yaga shi biyu ta jefa a murhu. Ta ce, "Ni na raka ki gidan nan, ni na ce ki fito. Duk wanda ke da magana a Marimbe ya zo ya same ni ranar Alhamis." Na tambaye ta Amai Rumbi fa? Ta ce Amai Rumbi za ta ce ai da ma ta sani.

Da safe na ɗauko takardar aikin daga makaranta. Kin san ni, ba na cika takarda sai na fara da fensir. Na feƙe shi na zauna, Tete ta miƙo hannu ta zare shi daga yatsuna, ta lalubo biro a jakarta ta ba ni. Ta tsaya a kaina har na sa hannu, sannan ita da surukata suka raka ni gidan waya.

Ki nemo min katifa. Ina zuwa sha biyu ga Disamba.

Ƙanwarki,
Netsai